Kafin Ka Ɗura: Gane Harsashin Bindigar da Aka Sake wa Makwanci

Babbar bindigar farauta, irin wadda ake tunkarar ɓauna ko dorina da ita, ba abu ba ne da ake gani kullum a Agege. Mafarautanmu da neman abinci ya kawo Legas, na Zango da na gefen mayankar Oko-Oba, da na Mile 12 da Idi-Araba, bindigar toka suka gada, sai kuma mai baki ɗaya ko mai baki biyu da ke cin harsashi lamba 12. Duk da haka manyan ba su ɓace ba. Tun zamanin Turawa jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni suka riƙa shigowa da su ta tashar jirgin ruwa. Wasu sun koma gida da nasu, wasu sun bar wa yaransu, kuma har yau akan buɗe akwatin dattijo bayan rasuwarsa a tarar da guda a naɗe cikin tsumma. Akwai kuma 'yan'uwanmu masu aikin bin sawu da riƙe wa baƙi bindiga a yankunan farauta na arewacin Kamaru, wajen Garwa, inda irin waɗannan bindigogi su ne kayan aikin yau da kullum.

Bindigar da ta shekara 50 ko 80 ta ratsa hannaye da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a ce ɗaya daga cikin masu ita ya taɓa kai ta wurin maƙeri aka sake mata makwanci. Daga ranar da aka yi wannan aiki, harsashin da ta fito da shi daga masana'anta yana iya zama ba nata ba ne kuma. Shigar harsashi cikin bindiga, har sakata ta rufe lafiya, ba shaida ba ce cewa nata ne. A kan wannan batu ɗaya mutane suka rasa ido da yatsu, kuma a kansa wannan jagora ta tsaya.

Abin da ke faruwa a cikin makwanci

A gindin bututun duk bindigar da ake ɗura wa ta baya akwai rami da aka rarake daidai da siffar harsashinta. Shi ne makwanci. Daban yake da gidan harsashi, inda ake jera harsasai kafin sakata ta tura su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushin da ke ciki, ƙwayar da ke fita ta sami dabba, da 'yar cibiyar da ke tsakiyar gindin kwanso, wadda allura ke duka wuta ta tashi. Kowane kwanso yana da leɓe a gindi. Wasu suna tsukewa ta sama su yi kafaɗa da wuya, wasu miƙe suke har baki, wasu kuma suna da ɗamara, wato ɗan tudun da ya kewaye kwanson gab da gindinsa.

Idan aka ja kunama, matsin iskar da albarushi ke haifarwa a cikin .375 H&H yana iya kaiwa bar 4,300. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai ake hura mata, ka ga ke nan ninki kusan 2,000. Tagulla ita kaɗai ba ta riƙe wannan. Abin da take yi shi ne ta kumbura ta manne wa bangon makwanci, ƙarfen bututu ya ɗauki nauyin, ita kuma ta toshe hanya kada wuta ta dawo baya. Duk lafiyar mai harbi a kan wannan mannewa take.

Ta hanya uku abin ke lalacewa. In kwanso ya yi wa makwanci ƙanƙanta, zai kumbura fiye da iyawarsa ya tsage, wuta da gutsattsarin tagulla su biyo ta sakata zuwa fuska. In kwanso ya yi tsawo, bakinsa zai cushe a maƙogwaron bututu ya shaƙe ƙwaya, ta kasa fita a kan kari, matsi ya haura. In kuwa ƙwaya ce ta fi ramin bututun kauri, to wannan ya fi duka muni, don a nan ne sakata ke tsinkewa ko bututu ya dare.

Sake makwanci shi ne maƙeri ya sa ƙarfen rarake ya ƙara wa ramin nan tsawo ko faɗi, ya koma siffar wani harsashi. Akan yi haka don neman ƙarin ƙarfi, ko don harsashin asali ya yi wuyar samu. A riƙe abu biyu. Ƙarfe cire shi ake yi, ba a mayarwa, saboda haka sabon makwanci ya fi tsohon girma, sai fa in an yanke gindin bututun an fara aikin daga farko. Na biyu, ramin bututun da ƙwaya ke bi bai sauya ba ko da gashi ɗaya.

Labarin .458

Misalin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na .458. A 1956 kamfanin Winchester na Amurka ya fito da .458 Winchester Magnum, domin a sami bindiga mai sakata, mai sauƙin kuɗi, da za ta yi aikin tsofaffin masu baki biyu na Ingila. Kwansonsa milimita 63.5 ne, ƙwayarsa giram 32 da 'yan kai, kuma an yi alkawarin za ta fita da gudun mita 655 a daƙiƙa. Matsalar ita ce kwanson ya yi wa albarushin da ake buƙata kaɗan, sai an danne shi. A zafin Afirka albarushin da aka danne yakan dunƙule in ya daɗe a ajiye, ya ƙi ci gaba ɗaya, harbi ya fita ba ƙarfi. Wani mafarauci Ba'amurke, Jack Lott, ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da wannan bindiga. A 1971 ya tsara nasa harsashin, .458 Lott: ƙwaya ɗaya, ɗamara ɗaya, amma kwanso ya kai milimita 71, gudu kuma mita 700 a daƙiƙa ba tare da an danne albarushi ba.

Tunda bambancin tsawo ne kawai, mutane da yawa sun kai bindigoginsu na .458 Winchester aka rarake su zuwa Lott, musamman ƙirar Brno da CZ na ƙasar Cek, waɗanda sakatarsu doguwa ce tun asali. To a nan akwai sauƙi na gaske. Bindigar da makwancinta Lott ne tana iya harba .458 Winchester, domin ɗamara ce ke tsayar da dukkansu a wuri guda, kaurin kwanso ɗaya ne, kaurin ƙwaya ɗaya ne. Mafaraucin da harsashinsa ya ƙare a daji yana iya karɓar gajeren daga abokin tafiya ya ci gaba da aiki. Akasin haka kuwa haramun ne: Lott ba ya shiga bindigar Winchester, kuma wanda ya ga sakata ta ƙi rufewa ya sa tafin hannu ya buga ta, ya nemi wa kansa masifa.

Ko a inda ya halatta, akwai sharuɗɗa da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Gajeren kwanso yana barin tazarar milimita 7 da rabi a gaban bakinsa, kuma a nan toka da dauɗar albarushi ke taruwa su yi zobe mai tauri. In ka koma kan dogon ba ka goge zoben nan ba, shi zai matse bakin kwanso, ka koma cikin haɗarin shaƙe ƙwaya. Don haka duk ranar da ka harba gajere, ka wanke makwanci da burushi kafin ka ajiye bindiga. Sannan wurin da ƙwaya ke sauka yana sauyawa, saitin da ka yi da Lott ba lalle ya yi daidai da Winchester ba. Na uku shi ne wanda na fi jin tsoro: gajeren harsashi a cikin dogon gida yana kai da kawowa duk sanda bindiga ta yi naushi, kuma a wasu bindigogin yakan karkace lokacin da sakata ke tura shi. A filin gwaji wannan ɓacin rai ne kawai. Gaban ɓaunar da ta ji ciwo ta juyo, harsashi na biyu da ya maƙale rai ne.

Akwai kuma rabin aiki. Cikakken harsashin Winchester tsawonsa milimita 85 ne, na Lott ya haura 91. Maƙerin da ya rarake makwanci bai tsawaita gidan harsashi ba, bai gyara hanyar da sakata ke bi ba, ya ba ka bindigar da ke cin Lott ɗaya tak da hannu. Irin wannan na nan da yawa a kasuwar tsofaffin bindigogi ta duniya.

Dangantaka irin ta .458 tana tsakanin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, da .375 Weatherby na tsakiyar shekarun 1940. Roy Weatherby kwanson H&H ya ɗauka ya miƙe jikinsa ya buɗe kafaɗarsa. In ka harba H&H a makwancin Weatherby, ɗamara ta riƙe shi, kwanso ya kumbura ya ɗauki sabuwar siffa, gudu ya ɗan ragu, ba wata illa.

Inda sauƙin ya ƙare

Waɗannan misalai biyu su ne ke yaudarar mutane, su ɗauka duk harsasan da lambarsu ta yi kama 'yan gida ɗaya ne. Kama da wane ba wane ba ne. Ɗauki .416. Akwai na Rigby na 1911, akwai na Remington na 1988, akwai na Weatherby, akwai na Ruger. Ƙwayarsu ɗaya ce, kwansonsu huɗu ne daban, kuma babu guda da ke zama a madadin wani. .375 Ruger na 2007 ba shi da ɗamara, ba ruwansa da H&H. .375 Flanged mai faffaɗan leɓe na masu baki biyu ne. .460 Weatherby ƙwayar .458 yake harbawa, amma kwansonsa ya fi kauri nesa ba kusa ba, in ka jefa .458 Winchester a makwancinsa ka sa tagulla a ramin da ba za ta iya cikawa ba. Haka 9.3x62 da Otto Bock ya tsara a Balin a 1905, wanda ya yi suna a Afirka, ba ya zama a makwancin 9.3x64 na Brenneke, ko da yake milimita 2 ce ta raba sunayensu. Tsohon .450/400 na Ingila ma iri-iri ne, akwai mai inci 3, akwai mai inci 3 da kwata.

Lambobin ma ba awo ba ne, suna ne. Ƙwayar .404 Jeffery inci .423 ce. Ta .450 Nitro Express .458 ce. Ta .425 Westley Richards .435 ce. Shi ya sa bindigogin Mauser masu 10.75x68 da yawa aka rarake su zuwa .404 Jeffery, tunda ramin bututunsu ɗaya ne, kuma wanda ya duba sunayen kawai ba zai taɓa zaton haka ba.

Masu ƙera harsasai sun san wannan haɗari sarai. Da Hornady da Marlin suka fito da .450 Marlin a shekarar 2000, da gangan suka faɗaɗa ɗamararsa, don kada ya iya shiga makwancin sauran masu ɗamara da ramin bututunsu ya fi ƙanƙanta.

Rubutu biyu, kowanne yana iya saɓawa

Ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce rubutun jikin bututu ya zama daidai da rubutun gindin kwanso, harafi da harafi. Ƙa'ida ce mai kyau ga sabuwar bindiga da sabon harsashi na kwali. Ga bindigar da ta sha hannu, ba ta isa ba.

A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga, na Landan tun 1637, na Bamingham tun 1813. Dokarsu ta ce in aka faɗaɗa makwanci, tsohon hatimi ya faɗi, ba a sayar da bindigar sai an sake harba ta da harsashin gwaji mai matsi fiye da na kullum, an buga sabon hatimi da sabon suna. Haka ake yi a Liyej ta Beljiyam da sauran ƙasashen CIP, hukumar gwajin bindigogi wadda aka kafa a 1914. Amurka ba ta da dokar tilasta wannan gwaji. Ƙungiyar SAAMI da aka kafa a 1926 tana fitar da ma'auni, amma maƙerin ƙauye yana iya rarake bindiga ya manta da bugun suna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun koma gida da bindigogin Mauser na Jamus masu 8x57, da harsashinsu ya yi wuya aka rarake da yawa zuwa 8mm-06, kuma wasu har yau tsohon suna ne a jikinsu. Najeriya ba ta cikin CIP. Duk aikin da aka yi wa bindiga a nan ko a maƙwabta, babu hatimin da zai gaya maka.

Rubutun kwanso ma haka. Masu sake ɗura harsashi da hannu sukan ɗauki kwanson .375 H&H su buɗe wuyansa ya koma .458 Lott, gindinsa kuwa yana nan da tsohon suna. Sukan tsuke kwanson .458 Winchester ya koma .416 Taylor. Harsasan da aka tarar a gwangwani tare da bindigar gado, ba kwali, ba a san wanda ya ɗura su ba, ba a san irin albarushin da ke ciki ba, shawarata kada a harba ko ɗaya. A miƙa su ga hukuma tare da bindigar a duba.

Yadda ake tantancewa

Fara da tabbatar da cewa bindiga ba komai a cikinta. Baki yana kallon inda ba mutum, yatsa nesa da kunama, ka zare gidan harsashi ko ka buɗe shi ta ƙasa, ka ja sakata, ka duba da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Sai ka cire sakatar gaba ɗaya ka leƙa bututu ta baya wajen haske. Zanzaro yana son ramin bututu, kuma ginin zanzaro ya isa ya fasa bindiga.

Daga nan karatu. Goge jikin bututu da tsumma mai ɗan mai, ka karanta duk abin da aka buga, ka ɗauki hoto. Wasu hatimai suna ƙarƙashin bututu inda katako ya rufe. Nemi alamar an soke wani rubutu, ko an goge wuri ya yi santsi fiye da kewayensa, ko haruffan da girmansu ya bambanta da sauran, ko waɗanda layinsu ya karkace don da hannu aka buga su. Kowanne daga cikinsu yana cewa wani ya taɓa ta. Rashinsu kuwa ba ya cewa ba a taɓa ta ba.

In akwai tsohon kwanso da aka tabbatar daga wannan bindiga ya fito, shi ne shaidar farko, domin tagulla tana ɗaukar siffar ramin da aka harba ta a ciki. Jera shi da sabon harsashi mai suna iri ɗaya. In kafaɗar wanda aka harba ta matsa gaba, ko jikinsa ya miƙe, ko ya kumbura ta gefe, to makwancin ba na wannan suna ba ne.

Hukuncin ƙarshe na zubi ne, kuma aikin maƙerin bindiga ne mai izini, ko ma'aikacin rumbun makamai na hukuma. Ba aikin mai walda ba ne, ba na mai injin sassaƙa ƙarfe a kasuwar kayan gyaran mota ba, komai gwanintarsa. Amma ya kamata ka san abin da za a yi, don ka gane ko an yi shi. Akwai wani gamin ƙarfe da ake kira Cerrosafe, wanda ke narkewa tun ruwa bai kai ga tafasa ba, saboda haka ba ya cutar da bututu. Maƙeri zai wanke makwanci, ya toshe bututu da tsumma ɗan gaba kaɗan da inda makwancin ya ƙare, ya narka gamin ya zuba. In ya daskare yana ɗan tsukewa, sai a turo shi waje da sanda ta baki. Bayan awa ɗaya yakan koma daidai girman ramin, kuma a lokacin ake auna shi. Abin da ya fito shi ne hoton makwancinka: tsawo, kauri, wurin kafaɗa, wurin ɗamara, da tsawon maƙogwaro. Tsofaffin maƙera da farar wuta suke yin wannan zubi.

Sai awon ramin bututu. Akan tura 'yar dunƙulen dalma mai laushi ta ratsa bututun, a auna ta da maikiromita. Wannan yana da muhimmanci ga tsofaffin ƙirar Jamus, domin 8x57 na asali na 1888 ƙwayarsa inci .318 ce, wanda aka sauya a 1905 kuma .323, kuma bindigogin farauta masu tsohon rami sun ci gaba da fitowa shekaru bayan haka. Na ƙarshe shi ne awon tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso. Akwai ƙarafa na musamman masu siffar kwanso: guda sakata za ta rufe a kansa, guda kuma bai kamata ta rufe ba. In ta rufe a kan na biyu, bindigar tana buƙatar gyara kafin a yi maganar harsashi.

Duk waɗannan lambobi za a gwada su da zanen ma'auni na CIP ko SAAMI, waɗanda ke intanet kyauta. SAAMI tana da jerin harsasan da aka amince su yi musanya, da jerin waɗanda haɗa su haɗari ne. In awon ya dace da suna guda, a buga sunan a jikin bututu a soke tsohon, domin wanda zai gaje ka ba zai ji labarin daga bakinka ba. In bai dace da kowane suna ba, to makwancin ƙirar wani mutum ne shi kaɗai, babu harsashin kanti da aka yi dominsa. Wannan bindiga ta zama ta ajiya har sai an sauya mata bututu.

Gwajin tura harsashi daga gida zuwa makwanci da harsasan bogi ake yi, marasa albarushi marasa cibiya. Kada wanda ya gwada da mai rai a cikin ɗaki. Gidajen haya na Agege ɗaki na jikin ɗaki ne, kuma ƙwayar da aka yi don ta ratsa ƙashin kan giwa ba bulon siminti ne zai tsayar da ita ba.

Ranar harbin farko

Wasu sukan ɗaure bindiga a jikin itace su ja kunama da igiya daga nesa, in ba ta fashe ba su ce ta ci jarrabawa. Tsayawa nesa hankali ne, amma harbi ɗaya ba ya wanke bindiga. Ƙarfe yana iya jure na farko da na biyar ya saki a na ashirin. Gwajin yana zuwa ne bayan awo, ba a madadinsa ba.

A wurin da hukuma ta yarda da harbi, da tabarau mai kare ido da abin toshe kunne, a harba ɗaya a tsaya. In sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, matsi ya yi yawa. Ɗauki kwanson ka duba: cibiya ta baje ko ta huje ko ta faɗo, wuya ya tsage, wani zobe mai sheƙi ya bayyana sama da gindi, baƙin hayaƙi ya biyo jikin kwanso zuwa baya. Ko ɗaya daga ciki ka gani, harbin ranar ya ƙare. In ƙara ta fita a raunane, kada ka ɗura wani sai ka cire sakata ka leƙa, don ƙwaya tana iya maƙalewa a tsakiyar bututu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar baki yana kallon gaba har minti ɗaya kafin ka buɗe, saboda tsohon harsashi yakan yi jinkirin kamawa. Mai baki biyu kuma tana da nata hali: an haɗa bututunta ne su sauka wuri ɗaya da nauyin ƙwaya guda da gudu guda, in ka sauya sai su rabu, ko da harsashin ya dace da makwanci.

Mai lamba 12 ma tana da makwanci

Wanda bai taɓa riƙe .458 ba kada ya ce zancen bai shafe shi ba. Bindigar lamba 12 makwancinta iri-iri ne: milimita 65, 70, 76 da 89. Tsawon da aka rubuta a kwali na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi, shi ya sa harsashin 76 ke shiga makwancin 70 salin-alin, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa. Tsofaffin ƙirar Ingila da Faransa da yawa 65 ne. Gajere a dogo ya halatta, dogo a gajere bai halatta ba. Haruffan AA ko BB da ake tambaya a wurin saye girman ƙwayoyin dalma suke nufi, ba su da alaƙa da tsawon makwanci, saboda haka ka nemi lambar milimita a jikin kwali.

Kada ka haɗa lamba 20 da lamba 12 a jaka ɗaya. Na 20 yana zamewa ya wuce makwanci ya tsaya a cikin bututu, mutum ya ga rami a buɗe ya ɗura na 12 a bayansa. Dalilin da ya sa masana'antu da yawa ke yi wa lamba 20 launin rawaya ke nan. Sannan ina roƙon 'yan'uwa masu bindigar toka: kada a farke harsashin zamani a juye albarushinsa a cikinta. Baƙin albarushi da na zamani ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma bututun da aka yi don na farko ba ya ɗaukar na biyu. Haka bindigar ƙirar gida da aka yi da bututun ruwa, babu wanda ya taɓa gwada iyakar abin da za ta jure.

Takarda da ajiya

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na toka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinsu. A Legas hedikwatar tana Ikeja, maƙwabciyar Agege. Na farauta masu ɗuri ta baya, lasisinsu na Sufeto Janar ne. Na ukun haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303. Gyaran bindiga ma sai da izini, riƙe harsashi kuma sai wanda ke da lasisin bindigar da ke cinsa. Ma'ana, bindigar da takardarta ke cewa abu ɗaya makwancinta ke cewa wani, matsala ce ta shari'a kafin ta zama ta lafiya, kuma gyara takardar wajibi ne. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa tare da akwati. Iyalin da suka tarar da bindigar mahaifinsu su sanar da 'yan sanda a ajiye ta a rumbun hukuma, kuma zai fi sauƙi su tafi da wani babba daga fadar Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyar mafarauta. A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka a fara tambayar halin da ake ciki kafin a kashe kuɗi a kan gyara. Giwayen da suka rage mana, irin su na Yankari da na dajin Omo a jihar Ogun, doka ta kare su, babu lasisin bindiga da ya halatta taɓa su.

Iskar Legas mai laima ce da gishiri, kuma makwanci wuri ne da ido bai cika kaiwa ba. Tsatsa in ta ci bangonsa ta bar ramuka, tagulla tana shiga cikinsu lokacin harbi, kwanso ya ƙi fita. A shafa mai kaɗan lokacin ajiya, amma a goge shi tas kafin harbi, domin kwanso ba ya manne wa bango mai santsi, sai duk nauyin ya koma kan sakata. Kada a ajiye bindiga a cikin kube na fata ko tsumma, suna riƙe damshi. Harsasai su zauna a kwalinsu na asali, cikin akwati mai murfin roba, a kulle, nesa da bindigar kuma nesa da yara. Kada a bar su a mota cikin rana, zafi yana ƙara matsi. Tun zamanin da, masana'antun Ingila sukan rage albarushi a harsasan da za a kai ƙasashe masu zafi saboda wannan. Wanda ya yi kore ko fari a jiki, ko ƙwayarsa ta nutse cikin kwanso, a ware shi. In kana da bindiga biyu masu harsashi mai kama da juna, kowace da jakarta, a rubuta sunan a jiki da manyan haruffa, kuma ranar fita daji iri ɗaya kawai zai shiga aljihunka.